Kullum sai in fara motsa jiki in watsar, ko ni ce raguwa?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Birnin Kebbi, shekaruna 43, 'ya'yana shida. Bara likita ya ce ina da hawan jini, ranar awon ya nuna 156/98. Ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage gishiri, in rage nauyi, in riƙa motsa jiki. Mahaifiyarmu ciwon suga ne ya yi ajalinta, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai. Na sayi igiyar tsalle, ba a je ko'ina ba gwiwata ta hagu ta kumbura, ga wani abin kunya, da na yi tsalle sai fitsari ya ɗan zubo. Na koma bin wata Baturiya a YouTube, data ta ƙare, ni ma na ƙare. Wata abokiyar aikina ta ce mu riƙa zuwa filin wasa na Haliru Abdu ranar Asabar, maigida ya ce shi bai ga abin da zai kai matar aure tsalle-tsalle a gaban maza ba. Yanzu bel ɗin matse ciki nake ɗaurawa ina shan shayin rage ƙiba, amma sikeli yana nan a kilo 92. Uwar mijina kuma cewa take ƙiba rufin asiri ce, in daina wahalar da kaina. Anti, ko dai ni ce raguwa? Wane motsa jiki ne zai dace da ni har in ɗore? Kuma in na ɗore, zan iya ajiye maganin nan?

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ke kuma ya ba ki lafiya mai amfani.

Maganar ragwanci mu kau da ita tun yanzu. Matar da ke tashi kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta sallami yara shida, ta je ta tsaya gaban allo tana fama da 'ya'yan mutane har azahar, ta dawo ta ɗora tukunya, ba a kiranta raguwa. Abin da na gani a wasiƙarki shi ne, duk abin da kika gwada na wasu ne kika aro. Igiyar tsalle ta 'yan dambe ce da 'yan matan da bayansu bai san goyo ba. Bidiyon Baturiya an yi shi ne don mai wutar da ba ta ɗaukewa, mai datar da ba ta ƙarewa, mai ɗakin da ba yaron da zai banko ƙofa yana neman kuɗin burodi. Filin wasa kuma na wadda ita da maigidanta suka riga suka daidaita a kai ne. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da za mu nema shi ne wanda zai shiga cikin yininki yadda yake yanzu, ba sai an sauya miki gida ko miji ko gari ba.

Amma bari in fara da abin da ya fi tayar mini da hankali. A daren nan ki kwance bel ɗin, shayin kuma ki daina. Bel ba ya narkar da kitse. Matse ciki kawai yake yi, ya hana ki jan numfashi sosai, ya turo abinci sama ƙwarnafi ya dame ki, sannan ya danna mara, wato ya ƙara miki matsalar fitsarin da kike kuka da ita. Gumin da kike gani a ƙarƙashinsa ruwa ne, kina shan moɗa ɗaya ya koma. Shayin ya fi bel hatsari. Da yawa daga cikinsu ganyen sena ne a ciki, ɗan'uwan filaskon da muka sani, aikinsa shi ne ya sa zawo. An kuma sha kama waɗanda aka zuba musu maganin sa fitsari ba a rubuta a kwali ba. Mai shan maganin hawan jini ta haɗa da zawo da yawan fitsari a zafin Kebbi, ƙodarta take cuta, kuma idan sinadarin fotasiyam ya ragu a jini, bugun zuciya kan rikice. In da sauran kwalin, ki tafi da shi ki nuna wa likitanki.

Sai gwiwa. Ba ki faɗa ba, amma na san halinmu: gwiwa na kumbura sai a aiki yaro kemis ya karɓo haɗin ciwon jiki. Galibi dikulofenak ne ko ibufurofen a ciki, wani sa'in har da deksa. Dukkansu suna ɗaga jini, biyun farko kuma suna rage ƙarfin maganin da kike sha, suna taɓa ƙoda, suna cin ciki. Parasitamol ya fi miki sauƙi. In har yanzu gwiwar tana kumbura, ko tana ƙullewa, ko tana sakin ki ki ji kamar za ki faɗi, a duba ta a asibiti kafin komai. In kuwa ciwo ne na jefi-jefi, wajen tashi daga zaune ko hawan matakala, to zama ba ya warkar da shi. Tafiya da ƙarfafa cinya su ne maganinsa na farko.

To nawa ne ma ake bukata? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 150 shi ne rabin awa sau biyar. Kuma ba dole a yi shi a tashi ɗaya ba. Da can ana cewa abin da bai kai minti goma ba ba ya shiga lissafi, yanzu an cire wannan sharaɗin. Goma da safe, goma da dare, biyar a tsakani, duk na asusu ɗaya ne. Matsakaici kuma yana da alama: numfashinki ya ɗaga, jiki ya ɗumi, kina iya amsa gaisuwa har ki tambayi mutan gida, amma ba za ki iya jan doguwar aya ba tare da kin tsaya kin shaƙi iska ba. Irin tafiyar da kike yi ranar da kika makara ke nan. In kina son lissafi, taku 100 ne a minti ɗaya. Ki duba agogon waya, ki ƙirga 25 cikin daƙiƙa 15.

Za ki ji ana ta maganar taku 10,000 a rana. Kada ta razana ki. Asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce da aka fitar a Japan a 1965. Binciken da masana a Jami'ar Harvard suka wallafa a 2019 kan dattawan mata sama da 16,000 ya nuna amfanin ya bayyana tun daga taku 4,400 a rana, yana ƙaruwa har wajen 7,500. Waɗancan matan sun girme ki nesa ba kusa ba, amma darasin ɗaya ne: wanda ya tashi daga kaɗan zuwa ɗan dama-dama shi ya fi kowa cin riba.

Ga abin da nake so ki kama: hanyar makaranta. In na canka daidai, kabu-kabu ko Keke Napep ke ɗaukar ki daga ƙofar gida ya dire ki a bakin get. Daga Litinin ɗin nan ki zaɓi wata alama da ke da nisan minti goma kafin makaranta, masallaci ne, gidan mai ne, ko rumfar mai ƙosai, ki ce a sauke ki nan, ki ƙarasa da ƙafa. Dubi abin da wannan ya warware. Izinin fitar an riga an ba ki. Hijabinki na jikinki. Ba wanda zai ga malama ta nufi makaranta da jaka ya tsaya tambayar ina za ta. Ba data, ba kuɗin rajista, har ma kuɗin abin hawa ya ɗan ragu. Lokacin kuma shi ne mafi sanyi a yinin. Kwana biyar ne a mako, daidai da lissafin da na kawo miki. Ba sai kin tuna ba, tunda ko kina so ko ba kya so sai kin je aiki.

Kuɗin da za ki biya guda ɗaya ne: fita da wuri da minti goma. Wannan tun da dare ake biyansa. Kayan makarantar yara a goge a ajiye, wake a gyara, jakarki a bakin ƙofa. Ki nemi takalmin kambas ko na gwanjo ne, mai taushin ƙasa, wanda yatsu ke sakewa a ciki, ki sa da safa. Na kwalliyar ki jefa a jaka ko ki bar shi a ofishin malamai. Silifas ɗin roba da takalmi mai tsini su za su dawo miki da ciwon gwiwa. Hijabi mara nauyi, mai shan iska. Tarin littattafan yara da kike kwasowa gida ki yi maki, ki bar su a makaranta ko ki raba biyu, kada ki rataya su a kafaɗa ɗaya. Mako biyu ki tsaya a minti goman nan ko da kin ji kina iya fin haka, domin a nan ne ake faɗuwa: ɗokin farko ya sa a yi da yawa, jiki ya yi tsami, a kwanta, shi ke nan an watsar. Daga mako na uku ki matsar da alamar baya, ki riƙa ƙara minti biyar duk mako ɗaya ko biyu, har ki kai ashirin ko talatin. Dawowa kuwa, ƙarfe ɗaya ko biyu na rana, ki hau abin hawanki. Ba a yi wa ranar Birnin Kebbi jarumta.

Kashi na biyu a tsakar gida ne, bayan tuwon dare, kuma wannan saboda Mama ne. Tuwon shinkafa yana saurin ɗaga suga a jini. Tsokar da ke aiki tana zuƙe sugan nan, shi ya sa zagayen minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci ya fi kishingiɗa a kan tabarma. Daga ƙofar kicin zuwa zaure, ki juyo, ki sake. Zai gundure ki, ba zan ɓoye miki ba, don haka ki haɗa shi da abin da kike so: shirin rediyo, karatun da kike saurare, ko lokacin ne za ki kira 'yar'uwarki ku sha hira. Gadon suga ba hukunci ba ne. A wani babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 da ke dab da kamuwa, aka wallafa a 2002, waɗanda suka riƙe minti 150 a mako suka kuma rage ɗan nauyi, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, alhali waɗanda aka ba maganin metfomin kashi 31 suka samu. In ba a taɓa auna miki suga ba, ki je da safe kafin ki karya. Ƙasa da 100 lafiya, 100 zuwa 125 gargaɗi ne, 126 zuwa sama in ya maimaitu ciwon ne. Wasu ɗakunan gwaji da wani ma'auni suke rubutawa, a nan iyakokin su ne 5.6 da 7.0.

Aikin gida fa? Yana shiga lissafi in ya ɗaga numfashi. Iyayenmu da suka yi daka da surfe, suka ja ruwa a rijiya, suka bi maza fadamar Argungu da Bunza kai abinci da sussukar shinkafa, ba su taɓa jin kalmar atisaye ba, kuma ba su bukace ta ba. Mu injin niƙa ya karɓe turmi, famfo ya karɓe guga, 'yan mata sun girma sun karɓe tsintsiya, amma malmalar tuwon ba ta ragu ba. Ba cewa na yi ki koma daka gero ba. In dai akwai aiki ɗaya da kike jin daɗinsa, shara ce ko wanki, ki ƙwace shi daga hannun yara. Tsayuwa gaban allo kam gajiya ce kawai, ba ta ɗaga bugun zuciya.

Kwana biyun ƙarfafa tsoka, ki ɗauki Laraba da Asabar, minti goma a ɗaki, ƙofa a rufe. Ki samu kujera mai tauri, ba kushin ba, ba 'yar tsugunno ba. Ki zauna a bakinta, ƙafafu a ƙasa, ki miƙe ba tare da dafa gwiwa ba, ki koma ki zauna a hankali ba faɗawa ba. Sau takwas zuwa goma, ki huta, ki sake. In ya gagara da farko, ki dafa kaɗan ko ki ɗora matashi ya ƙara tsawo. Wannan shi ne ginshiƙin, shi ke gina cinyar da ke ɗauke wa gwiwa kaya. Sai ki kwanta rigingine a tabarma, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, ɗayar a miƙe, ki ɗaga miƙaƙƙiyar kamar taƙi ɗaya, ki riƙe kaɗan, ki sauke. Sai ki dafa bango da tafin hannu biyu, ki kai ƙirji kusa da shi, ki turo kanki baya. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, biyu sun ishe ki ɗagawa. Sharaɗi ɗaya ga mai hawan jini: kada ki riƙe numfashi kina yunƙuri, don jini kan yi tsalle a lokacin. Ki riƙa ƙirgawa da baki a fili, mai ƙirgawa ba ya iya ɗauke numfashi. Atisayen nan da mutane ke yi na kwanciya ana tashi zaune don tumbi ya faɗa kuwa, ki bar shi. Kitse ba ya narkewa daga wurin da aka zaɓa masa, kuma bayan haihuwa shida tsokar ciki kan buɗe a tsakiya, irin wannan yunƙurin ƙara turo ta yake yi.

Yanzu abin da kika kira abin kunya. Ƙanwata, da matan da ke zaune da ke a ofishin malamai za su faɗi gaskiya, da kin sha mamaki. Ciki da naƙuda suna sassauta tsokar da ke tallafe da mafitsara, sai tari ko atishawa ko tsalle su sa fitsari ya ɗiga. Tana ƙarfafuwa kamar kowace tsoka. Ki matse kamar kina hana tusa da fitsari fita lokaci guda, ki ji abin ya ɗago ciki, ba tare da kin matse cinya ko ɗauke numfashi ba. Ki riƙe daƙiƙa uku zuwa biyar, ki saki gaba ɗaya, a hankali ki kai goma. Sau takwas zuwa goma, sau uku a rana, kuma sai an yi wata uku ana yi kafin a yanke hukunci. Ki ɗaura shi da salla: bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i, kina zaune a kan sallaya ba wanda ya san me kike yi. Kada ki riƙa gwadawa kina tsakiyar fitsari, kuma kada ki rage shan ruwa don tsoron ɗigar. In kina jin kamar wani abu na saukowa ta gaba, ko fitsarin na zuba ba tari ba yunƙuri, wannan na likitan mata ne, kada ki zauna da shi.

Mu zo kan ɗorewa, wadda ita ce ainihin tambayarki. Ki sa a ranki tun yau cewa za ki tsaya. Yaro zai kwana da zazzaɓi, za a yi rasuwa a Jega ku kwana uku, bikin ƙanwar maigida zai cinye mako, jarrabawa za ta zo. Bambancin masu ɗorewa da masu watsarwa a ranar dawowa yake. Ke in kin tsallake kwana huɗu sai ki ce ai na ɓata, sai wata sabuwar shekara. Wasu masu bincike a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga kafin abu ya zama jiki yakan ɗauki kwana 66 a tsakaice, wani 18, wani har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe komai ba. Saboda haka ki riƙe abu biyu. Na ɗaya, wannan ba azumi ba ne, ba a ramuwa: in kin rasa na jiya, na yau kawai za ki yi, in kuma kin yi mako ba ki yi ba, ki koma rabin inda kika tsaya. Na biyu, ki tanadi ɗan ƙaramin da ba ya gagara ko a ranar da komai ya cakuɗe, zagayen minti biyar a tsakar gida. Ba don minti biyar ɗin zai sauke jini ba, don kada zaren ya tsinke. Kin san hadisin Nana A'isha da ke cikin Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ki rataya kalanda a bayan ƙofar ɗaki, duk ranar da kika yi ki ja layi da jan biron da kike maki da shi. Abokiyar aikin nan taki kuma kada ki sake ta. In hanyarku ɗaya, ku riƙa sauka wuri ɗaya. Ranar da kasala ta kama ki, kunyar barin ta tsaye za ta fito da ke.

Babban ramin da ke cikin shawarata shi ne hutun makaranta, musamman dogon nan na damina, tunda na ɗaura tafiyar da zuwa aiki. Tun kafin a ba da hutu ki san abin da zai maye gurbinta: Islamiyyar matan aure da ƙafa, gaida wata gwaggo da ke shiyya ta kusa, ko zagayen tsakar gida da safe a daidai lokacin da kika saba fita.

Yanayi ma sai an yi masa shiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, to kafin ƙarfe takwas na safe ko bayan faɗuwar rana kawai, ki sha ruwa kafin ki fita, ki riƙe gora a jaka. Fitsari in ya yi ja, ruwa ya yi kaɗan. Da hunturu rana ba ta fitowa a Birnin Kebbi sai wajen ƙarfe bakwai, kada ki fita cikin duhu ke kaɗai, ranar da ƙura ta yi yawa kuma ki rufe hanci ko ki yi naki a ɗaki. Da azumi ba a ajiyewa gaba ɗaya, ragewa ake yi: awa ɗaya bayan buɗa-baki, ko zuwa tarawihi da ƙafa. Lokacin shan magani a azumi kuwa, likita za ki tambaya tun cikin Sha'aban.

Maigida. Ni dai ban ga ribar jayayya a kan filin wasa ba, tunda ba kya bukatarsa. Ki bar masa wannan, ki nemi abin da ya fi shi. Ki zaɓi lokacin da ya ci ya ƙoshi, ki nuna masa katin asibiti, ki ce Alhaji ga abin da likita ya ce, ga abin da ya ɗauke Mama, ina so ka taimake ni. Namiji in aka ce ya ba da izini sai ya tsaya nazari, in aka ce ya taimaka sai ya ji shi ne jagora. Ki roƙe shi ko sau ɗaya a mako ku taka tare bayan isha'i a layinku. In ya ce girma ya hana, ki tuna masa cikin raha cewa Abu Dawuda ya ruwaito Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya ce wannan ramuwar waccan ce. Ki lallaɓa shi ma a auna shi. Kusan ɗaya cikin uku na manya a Najeriya na da hawan jini, da yawansu ba su sani ba.

Hajiya kuwa ba a musu da ita. A zamaninsu matar da ta rame, ɗansu ake zagi, a ce ba ya ciyar da ita. Mutuncin ɗanta take karewa. Kada kalmar rage ƙiba ta ƙara fitowa daga bakinki a gabanta. Ki ce Hajiya jini ne, likita ya ce in riƙa takawa, a sa ni a addu'a. Ba uwar da za ta hana wannan. Masu cewa ko an ji ƙishin-ƙishin amarya ne ake gyara jiki, ki yi dariya ki wuce. Wannan tunanin na cewa jiki shi ne daraja shi ya jefa 'yan matanmu shan sha-ka-fashe, su kumbura, suga da hawan jini su biyo baya. In kina da masu tasowa a gida, ki sa ido.

Sikeli zai ba ki haushi, gara in faɗa miki. Tafiya ita kaɗai ba ta zubar da nauyi da yawa. Abin da rabin awa ta ƙone, robar lemo ɗaya ta mayar da shi har da riba, don akwai sukari wajen giram 50 a cikinta, sama da cokalin shayi goma. Nauyi a kicin ake rage shi: malmala ta ragu, miyar ganye da kifi da wake su ƙaru, zoɓo da kunu a sassauta musu sukari. Gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana ake so, bai cika cokalin shayi ɗaya ba, kuma dunƙulen da muke jefawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, kanwa ma 'yar gidan ce. Daddawa da tafarnuwa da citta su cike gurbin. Ba kilo 60 nake nema miki ba. Kilo huɗu zuwa biyar daga 92 ya isa jini da suga su nuna, kuma kowane kilo ɗaya da ya sauka, kusan kilo huɗu yake ɗauke wa gwiwa a kowane taku. Ki hau sikeli sau ɗaya a wata. Abin da zai fara sauyawa kafin shi: barci, haki, tashi daga sujada, da awon jini, wanda tafiya a kai a kai kan sauke na samansa da maki 5 zuwa 8 cikin wata biyu zuwa uku.

Tsamin cinya kwana ɗaya ko biyu bayan sabon motsi ba komai ba ne, zai wuce. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi da ya kwana ya wuni, alamar ki rage ne. Amma nauyi ko matsewa a ƙirji, ciwon da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi, jiri, duhun gani, bugun zuciya ba tsari, ko numfashin da ya ƙi dawowa bayan kin huta, a nan tsayawa ake yi a nufi asibiti. Ranar da awo ya kai 180/110, ba tafiya, likita za ki gani. Kuma in kin kusa isa, ki sassauta taku minti biyu ko uku, kada ki tsaya cak, don mai shan maganin jini jiri kan ɗebe shi.

Maganar ajiye magani: a'a, ba da kanki ba. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mutane ke ganin awo ya yi kyau su ce sun warke, alhali maganin ne ya riƙe shi, su ajiye, sai a ji ɓarin jiki ya shanye. Ki samu ƙaramin littafi. Sau biyu a mako a auna ki, a gida in kina da na'ura ko a kemis ɗin da kika yarda da shi, bayan kin zauna minti biyar, ba kina shigowa daga tafiya ba. Ki rubuta kwanan wata da lamba. Bayan wata uku ki kai wa likita littafin tare da kalandarki. Yana iya rage miki, akwai waɗanda ake ragewa. Yana kuma iya cewa ki ci gaba yadda kike, kuma mafi yawa haka ake ce musu. A nan ribar tafiyar ita ce ba a ƙara miki ƙwaya ta biyu da ta uku ba. In maganin na kumbura miki ƙafa ko yana sa ki busasshen tari, ki faɗa masa a wannan zaman, akwai wanda za a sauya miki da shi.